GYARAN GIDA DA KAYAN SU KAFIN DAMINA
Shawara ga Manoman Bakin Kogi

Wannan takarda an shirya ta ne domin manoman da ke zaune a bakin kogi, ko gefen tafki, ko kan tudun da fadama ta kewaye, kamar mutanen kwarin Haɗeja da Nguru, da na bakin gulbi wajen Argungu, da na ƙasar Yawuri a bakin Kwara. Irin wannan manomi sana'a biyu gare shi: da damina yana gona, idan ruwa ya janye kuma yana su. Ruwan nan da yake ba shi shinkafa da kifi, shi ne kuma yake cin ɗakinsa.

Kowa ya ga irin ɓarnar da ambaliya ta yi a 2012, da wadda ta cinye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi a 2020, da ta 2022 wadda ta rushe gidaje masu yawa a Jihar Jigawa. Babbar ambaliya irin wannan ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Amma fa ka sani, ɗakin ƙasa ba sai kogi ya zo ya tafi da shi yake faɗuwa ba. Ruwan da ya kwana a gindin bango, da yoyon da aka ƙyale a kan soro, su ma suna kada ɗaki, ko da a shekarar da kogi bai wuce bakinsa ba. Wannan kuwa maganinsa yana hannunka, kuma mafi yawansa ba ya cin kuɗi, sai dai ƙarfi da lura.

1. LOKACIN DA YA DACE

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bari sai hadari ya taso kafin ya nemi magini, ya makara, domin a lokacin kowa yana gona, ƙasa kuma ba za ta bushe ba. Ga yadda ya kamata ka raba aikin:

Nuwamba da Disamba: yanke shifci da gamba bayan sun ƙosa, ka shanya su, ka jingine a kan katako don kada gara ta hau.

Janairu da Fabrairu: duba gida, haƙo ƙasa, yin tubali, gyaran gindin bango.

Maris da Afirilu: yaɓe, gyaran rufi, gyaran rumbu da rijiya. A wannan lokaci ne ɗorawa take nuna, sai ka tara ɓawonta don makuba.

Mayu: gyaran jirgi da taru, share magudanar ruwa, ƙarasa abin da ya saura kafin shuka.

2. FARA DA DUBA GIDAN

Ka ɗauki sanda da wuƙa, da igiya mai dutse a ɗaure, ka zagaya gida ciki da waje da safe, lokacin da haske yake da kyau. Abubuwa biyar za ka duba:

(a) Gindin bango. Ko ruwa ya zaizaye shi ya yi rami? Ko akwai farin gishiri-gishiri a jikinsa? Wannan alama ce ta danshi yana hawa daga ƙasa.

(b) Tsaga. Ina ta fara, ina ta nufa, ta ratsa bangon ko a yaɓe kaɗai ta tsaya?

(c) Karkata. Ka saki igiyar nan daga saman bango. Idan dutsen ya yi nisa da gindi, ko igiyar ta kwanta a jikin bango, to bangon ya karkata.

(d) Azara da sauran itatuwan rufi. Ka ƙwanƙwasa su da sanda. Wadda ta yi amo kamar ganga, gara ta cinye cikinta. Ka soka wuƙa a daidai inda azara ta shiga bango, domin nan take fara ruɓewa.

(e) Hanyar ruwa. Ka tuna inda ruwa ya kwanta a tsakar gida bara. Idan ka manta, ka tambayi matan gida, su suka fi sani.

3. GINDIN BANGO

Nan ne aikin farko, domin bango daga ƙasa yake mutuwa. Idan gindi ya jiƙa ya yi laushi, nauyin da ke sama sai ya danne shi, ɗaki ya zube gaba ɗaya, sau da yawa cikin dare.

Ka kankare duk ƙasar da ta yi laushi har sai ka tarar da mai ƙarfi. Ka yayyafa ruwa, sa'an nan ka cike ramin da tubali ko gutsattsarin dutse da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Idan ramin ya yi zurfi, kada ka haƙe tsawon bangon gaba ɗaya a rana guda. Ka gyara ƙafa 3, ka tsallake ƙafa 3, in ya bushe ka komo kan wanda ka tsallake.

Bayan haka ka yi wa ɗakin dakali kewaye, faɗinsa ƙafa 2, tsayinsa ƙafa 1 ko fiye, samansa ya ɗan gangara zuwa waje. Dakali shi ke tare ruwan da ke fantsama daga rufi, da wanda ke gudu a tsakar gida. Idan kana da halin sayen buhun siminti ɗaya tak, to a nan ya fi dacewa ka sa shi: ka jera dutse ko bulo a fuskar dakalin, ka shafe da siminti kwano 1 cikin yashi kwano 6.

Tsakar gida kuma ta fi hanyar waje tudu. Ka cike kwari da birji, ka daɓe. Ka buɗe rariya, ka faɗaɗa ta, ka ja lambatu har zuwa inda ruwan zai tafi abinsa. Ka yi shawara da maƙwabcinka tukuna, kada ka kawar da ruwa daga bangonka ka tura shi gindin nasa.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne haƙar ƙasar gini a bayan ɗaki. Ramin nan da damina zai zama kududdufi, ya jiƙa tushen ginin, ya tara sauro. Ka haƙo ƙasa nesa da gida.

4. TSAGA DA YAƁE

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ma haka.

Ƙaramar tsaga: ka buɗe bakinta da wuƙa, ka share ƙura, ka jiƙa, ka cusa ƙasa mai ramno da yatsa har ta cika. Idan ka shafe samanta kawai, cikin yana nan a buɗe.

Babbar tsaga wadda ta ratsa bango, musamman a kusurwa: ka fara gwada ta. Ka manna ɗan yaɓe kamar tafin hannu a kanta, ka bar shi mako 2. Idan bai tsage ba, tsagar ta tsaya, sai ka sassaƙe gefenta biyu, ka gitta guntayen azara a ciki kamar ɗinki, ka cike da tubali. Idan kuwa ya tsage, to tushen ginin ne ke motsi. Wannan aikin magini ne. Bangon da ya karkata sosai gara a sauke shi a sake ginawa. Kada ka bar iyalinka su kwana a irin wannan ɗaki cikin watan Agusta.

Game da ƙasar yaɓe, mutanen fadama sai su lura. Baƙar ƙasar fadama tana kumbura idan ta sha ruwa, tana tsukewa ta tsattsage idan ta bushe. Jar ƙasa ta tudu ta fi ta kyau. Idan babu sai baƙar, ka gauraya ta da yashi. Ga gwaji mai sauƙi: ka yi kwaɓi iri uku, ɗaya ba yashi, ɗaya da yashi kaɗan, ɗaya da yashi mai yawa. Ka shafa kowanne a jikin bango, ka dawo bayan kwana 3. Wanda bai tsage ba, kuma bai zube da ka murza shi da hannu ba, shi ne daidai.

Ka zuba ramno isasshe, wato yankakkiyar ciyawa ko ƙaiƙayin shinkafa, ka tattake da ƙafa, ka bar kwaɓin ya kwana biyu yana ruɓa, kana juya shi. Kafin ka shafa, ka kankare tsohon yaɓen da ya saki, ka jiƙa bangon. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Bangon gabas ya fi shan dukan ruwa, domin daga can hadari ya fi tasowa, saboda haka ka fara da shi.

Makuba kuwa kada ka raina ta. Ka jiƙa ɓawon ɗorawa cikin tukunya ko ganga har ruwan ya yi ja ya yi duhu, ka kwaɓa shafin ƙarshe da shi, ko ka yayyafa shi lokacin daɓe. Yana sa ƙasa ta yi tauri, ruwa ya riƙa zamewa. Ana sabunta shi lokaci-lokaci.

Gargaɗi: shafa siminti kai tsaye a kan bangon ƙasa ba ya daɗewa. Siminti da ƙasa ba sa kama juna. Bayan damina ɗaya ko biyu sai ya ɗago, ruwa ya shiga bayansa ya kasa fita, gara ta samu gida. Daga waje bango yana sheƙi, ciki kuwa ya ruɓe. Idan ka ƙwanƙwasa ka ji yana amo, ka ɓamɓare shi.

5. RUFI

Soro. Ka hau sama ka cire ciyawar da ta tsiro, domin saiwarta hanya ce ta ruwa. Ka cike duk inda ya lotsa, ka tabbata rufin ya gangara zuwa indararo. Kada ka riƙa ƙara ƙasa a kan ƙasa kowace shekara. Nauyi yana taruwa, in ya sha ruwa kuma ya ƙaru, har azara ta karye. Ka kwashe tsohuwar da ta saki kafin ka zuba sabuwa. Wasu yanzu suna shimfiɗa leda mai kauri kafin ƙasar ƙarshe. Dabara ce mai kyau, muddin ƙasa ta rufe ta sarai, don rana tana ƙona leda, kuma bakinta ya sauka cikin indararo.

Indararo ya fito daga bango kamar ƙafa 2, a liƙe kewayensa da kyau. A ƙasa, inda ruwan ke zuba, ka tara duwatsu. Bayan ruwan farko ka sake hawa, ka bi ƙananan tsagogi da madaɓi tun ƙasa tana da danshi.

Azarar da gara ta ci a canza ta. Azarar giginya namiji wadda ta ƙosa ta fi ƙarko. Kada ka ɗora azara ɗaya a kan faɗin da ya wuce ƙafa 6 ba tare da ginshiƙi ko tokara ba. Giginya kuwa tana ƙaranci, tana kuma daɗewa kafin ta girma. In ka sare ɗaya, ka binne ƙwallo goma.

Jinka. Jinka mai tsini ta fi mai kwanciya daɗewa, domin ruwa ba ya tsayawa a kanta. Bakinta ya zarce bango da ƙafa 2. Ka duba tsaiko da tanka, ka sake ɗaure inda igiya ta ruɓe, ka kula da ƙoƙuwa, don daga nan yoyo yake farawa.

Kwano. Abokin gaban kwano shi ne iskar farkon damina. Ɗora duwatsu a kai ba ya hana ta yaye shi. Ka ɗaure katakon rufi da waya mai kauri ko ƙarfen langa-langa, ka ratsa da shi cikin bango kamar ƙafa 2 daga sama. Ƙusa a kan tudun kwano ake buga ta, ba a cikin kwarinsa inda ruwa ke bi ba. Ƙananan huji a liƙe da kwalta da ƙyalle.

6. GARA

Ka kankare duk hanyar gara da ka gani a jikin bango, ka bi ta har inda ta fito. Idan akwai suri kusa da gida, a haƙa shi har a ciro uwar, in ba haka ba za su sake ginawa. Kada ka jingina kara, ko zana, ko itacen girki a jikin ɗaki. Kan azara da gindin dirka a shafa musu kwalta ko baƙin mai kafin a binne. Amma kada a zubar da baƙin mai kusa da rijiya ko cikin ruwa.

7. RUMBU, RIJIYA DA MASAI

Wanda ɗakinsa ya faɗi ya rasa wurin kwana. Wanda rumbunsa ya jiƙa ya rasa abincin shekara da irin shuka.

Ka kwashe tsohon hatsi, ka share rumbu, ka ƙone sharar, ka liƙe tsaga ciki da waje. Duwatsun da rumbu ke kai su ɗaga shi sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa. Tsofaffin gari sun san wannan iyaka, ka tambaye su. Buhuna kada su taɓa ƙasa ko bango, ka jera su a kan katako. Irin shuka da wake a zuba su, bayan sun bushe sarai, cikin jarka mai murfi ko buhun PICS mai leda biyu a ciki, a ɗaure tam. Ba sai an sa magani ba, rashin iska ke kashe ƙwarin. Idan garinku yana cikin kwari, ka kai rabin ajiyarka wurin ɗan'uwa a kan tudu kafin Agusta.

Bakin rijiya a gina shi ya kai ƙafa 2 ko 3, a yi masa daɓe kewaye da murfi. Masai ya yi nisa da rijiya ƙafa 100 ko fiye, kuma ya kasance ta gangare. Shi ma a ɗaga bakinsa. Idan ambaliya ta haɗa masai da rijiya, abin da ke biyo baya shi ne amai da gudawa. Rijiyar da ruwan ambaliya ya shiga a yashe ta, kuma a riƙa tafasa ruwan sha har ma'aikatan lafiya su sa mata magani.

8. JIRGI

Idan ka gama da gida, sai ka sauka bakin ruwa. Jirgi da damina ba na su kaɗai ba ne. Shi ne hanyar gona, da kasuwa, da asibiti, ran da ruwa ya shigo gari kuma shi ne zai fitar da yara da tsofaffi.

Ka jawo shi tudu, ka wanke, ka kife shi a inuwa. Ka bi shi da wuƙa kamar yadda ka bi azara. Katakon da wuƙa ta shige shi da sauƙi a cire shi, faci a kan ruɓaɓɓen katako yaudarar kai ce. Ƙusar da ta yi tsatsa a canza. Ka zare tsohon toshi daga tsakanin katakai, ka cusa sabuwar auduga ko ƙyalle da bakin ƙarfe, ka bi da narkakkiyar kwalta. Wurin narka kwalta a yi nesa da jinka da yara. Jirgin da aka sassaƙa daga gungumen maɗaci yakan tsage idan ya daɗe cikin rana, saboda haka a ajiye shi a inuwa ko cikin ruwa.

Kafin ka ɗauki kowa, ka sa jirgin a ruwa ya kwana, katako ya kumbura, ka ga inda yake sha. A cikinsa kullum a sami filafili na biyu, da ƙwarya ko roba ta kwalfe ruwa, da igiya. A watan Mayu na 2021 wani jirgi da aka cika da mutane da kaya ya nutse a Kwara kusa da Wara, a Jihar Kebbi, aka yi asarar rayuka masu yawa. Ka shata layi a jikin jirginka, in ruwa ya kai nan, ba a ƙara ko buhu ɗaya. Kada a yi tafiyar dare, kada a tsallaka lokacin da hadari ya haɗu. Rigar ruwa ta fi komai, in babu ita, gora ko jarka mai murfi a ɗaure da igiya ta fi babu.

9. TARU, KALLI DA ƘUGIYA

Zaren roba ba ya ruɓa kamar na auduga, amma rana tana cinye ƙarfinsa. Ka wanke raga, ka cire ciyawa da ɓawon kifi don kada ɓera ya bi ƙarni, ka shanya a inuwa, ka rataye a sama. Ƙaramin huji a ɗinke shi yau, gobe tarwaɗa za ta mai da shi ƙofa. Ƙugiyoyi a goge tsatsa, a shafa man gyaɗa, a soke su a jikin kara.

Lokacin da za ka sayi sabuwar raga, ka kula da idonta. Dokar su a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci 3, in ban da wadda aka keɓe don ƙananan kifayen da ba sa girma. Yadda ake aunawa: ka ja ido ɗaya ya miƙe, ka auna tsawonsa. Dokar ta kuma hana su da guba, ko nakiya, ko lantarki. Jihohi ma suna da nasu dokoki, jami'in kifi na yankinku zai yi maka bayani.

Dalilin wannan a fili yake. Tarwaɗa da ƙarfasa da bargi da sauransu suna hayayyafa ne lokacin da ruwa yake hawa, 'ya'yan kuma su girma cikin ciyawar fadamar da ruwa ya rufe. Wanda ya tare su da gidan sauro ko raga mai ƙaramin ido, ya cika kwando da abin da da zai cika jirgi baɗi. Kamar manomi ne da ya dafa irin shukarsa. Gidan sauro na gado ne, ba na kogi ba. Zuba maganin ƙwari irin su Gamalin a tafki kuwa yana kashe babba da ƙarami, ya cuci mai cin kifin da dabbar da ta sha ruwan.

Kakanninmu sun san wannan. Shi ya sa sarkin ruwa yake rufe wasu wurare sai lokacinsu ya yi. A Argungu, inda aka fara bikin su a 1934, ana tsare Matan Fada ne har ranar biki, shi ya sa ake samun manyan giwan ruwa a ciki. Ku girmama irin wannan hani a garinku.

10. WURIN BANDA

Kifin da aka kama aka bari ya lalace, wahalar banza ce. Banda a kan rami a buɗe tana cin itace da yawa, tana ƙona wani kifin ta bar wani ɗanye. Tun da ga kwaɓaɓɓiyar ƙasa ta saura daga gyaran gida, ka gina murhu irin wanda aka fara a Chorkor, wata unguwar masunta a Ankara ta ƙasar Gana, a 1969.

Ka gina akwatin ƙasa, tsawo kamar ƙafa 7, faɗi ƙafa 3 da rabi, tsayi ƙafa 2, da bango a tsakiya ya raba shi biyu. Kowane ɓangare a yi masa ƙofar wuta a gaba. Saman bangon ya daidaita sarai. Kafinta ya yi maka farantai na katako masu ragar waya a ƙasa, daidai da bakin murhun, yadda in an ɗora ɗaya kan ɗaya hayaƙi ba zai fita ta gefe ba. A jera kifi, a ɗora farantai, a rufe na sama da katako ko kwano. Lokaci-lokaci a sauya, na sama ya koma ƙasa. Itace kaɗan yake ci, kifi kuma ya gasu daidai.

Murhun ya yi nisa da jinka da danga, a yi masa rumfar kwano saboda ruwa. Kada a hura wuta da roba, ko leda, ko katako mai fenti. Kifin da za a ajiye ya bushe ƙarau, in ƙwaro ya fara shiga a mai da shi kan wuta. Kada ka fesa wa kifi maganin ƙwari ko kaɗan. 'Ya'yan wani ne za su ci, wataƙila ma naka.

11. AIKIN GAYYA DA LAFIYARKA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai aikin da sai gari ya taru. A kwarin Haɗeja, tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa yana gudu a kogi rani da damina, ciyawar kacalla ta samu wurin yaɗuwa. Tana toshe hanyar ruwa, yashi ya taru, ruwa ya juya ya shiga gonaki da gidaje. Tana kuma ba jan-baki mafaka. Ku sa rana ku yanke ta, a ƙarƙashin ruwa ake yankewa don kada ta yi saurin tohowa. Ku kuma duba jingar da ta kare gari, ku toshe ramukan ɓera da na gafiya. Kowace shekara hukumar NiMet tana ba da hasashen damina, hukumar NIHSA kuma na ambaliya. Ku saurara a rediyo, ku shirya tun da wuri inda za a kai mata da yara da dabbobi.

Mai aiki cikin ruwan kwance ya kula da tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan dodon-koɗi, ta shiga ta fata. Fitsarin jini ga yaro ba alamar balaga ba ce, cuta ce, kuma tana da magani a asibiti. A hana yin fitsari da bayan gida a cikin ruwa. Lokacin da ruwa yake hawa macizai suna gudowa tudu, saboda haka a share ciyawa kewayen gida, a riƙa haska fitila da dare. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, a hanzarta kai shi asibiti.

ABUBUWAN TUNAWA

1. Gama gyara kafin ruwan farko.
2. Fara da gindin bango, sa'an nan rufi, sa'an nan yaɓe.
3. Kada ruwa ya kwana a gindin ɗaki ko a kan soro.
4. Kada a kwana a ɗakin da bangonsa ya karkata.
5. Ɗaga rumbu, ɗaga bakin rijiya, nisanta masai.
6. Gwada jirgi kafin ka ɗauki mutane, kada ka cika shi.
7. Raga mai babban ido, ba guba, ba gidan sauro.
8. Kifi wuta ke tsare shi, ba maganin ƙwari ba.

Idan akwai abin da bai fito maka sarai ba, ka nemi malamin gona ko jami'in kifi na yankinku. Ka kuma karanta wa maƙwabcinka wanda bai iya karatu ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga sharrin ruwa.